Faci Ba Ya Son Gaggawa

Ƙannena na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, zancen tayar keke zan yi da ku, kuma na san wani zai ce abin bai kai a ɓata tawada a kansa ba. Wanda ya taɓa turo keke da buhun masara a kariya tun daga gona har gida, rana tana dukan ƙeyarsa, ba zai faɗi haka ba.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta tsallake 1,000. Babura da dama suka kwanta a zaure, kekunan da suka shekara jingine a bayan rumbu aka kakkaɓe musu ƙura aka fito da su. Keke ya dawo, amma sanin gyaransa bai biyo shi ba. Iyayenku da suka hau Raleigh, zamanin da kamfanin yake haɗa kekuna a cikin Kano, da wuya ka ga ɗayansu ya fita ba 'yar jakar kayan gyara a ƙarƙashin sirdi da famfo maƙale a jikin keken. Yau sai ka ga saurayi ya iya kwance wayar hannu ya sauya mata gilashi, amma in taya ta yi faci a bayan gari sai ya tsaya yana waige-waigen mai taimako.

Ga shi kuwa ƙasarmu ba ta raga wa roba. A hanyoyin gonakin Bebeji da Kiru akwai tsidau shimfiɗe a gefen turba, da ƙayar bagaruwa da ta aduwa da ake shinge da su, ga tushiyar dawa da aka sare a karkace bayan girbi, wadda kaifinta ya isa ya keta gefen taya. A bakin titin Kano zuwa Zariya, wajen Kwanar Ɗangora, ƙusa ce da fasasshiyar kwalba da siraran wayoyin da ke zuba daga tayar babbar mota in ta fashe. Masu zuwa fadamun shinkafa a Tudun Wadan Ɗankadai da masu ɗauko kifi daga Tiga kullum ƙafar kekensu cikin laka da ruwa take, tsatsa tana cin ƙarfen rim daga ciki ba su sani ba. Can wajen Riruwai kuwa dutse ne da gangara. Sannan ga hanyar da ta ratsa dajin Falgore ta nufi Saminaka da Jos, inda mutum zai yi doguwar tafiya bai ga rumfar mai faci ba, kuma ba daji ne da ake so dare ya riski mutum a cikinsa ba.

Abin da ya kamata ka fara sani, ƙanena, shi ne taya daban, tub daban, kowanne da aikinsa. Ka dubi buhun taki: ledar da ke ciki ita ce take hana laima shiga, amma buhun waje shi ne yake ɗaukar nauyi. Haka tub yake riƙe iska amma ba shi da ƙarfin kansa. In ka hura shi a waje sai ya yi ta kumbura har ya fashe. Taya ce take tare shi. Ƙarfin taya kuma ba a baƙar robar da kake gani yake ba, yana cikin zaren da aka shimfiɗa a gicciye a ƙarƙashin robar, da wayoyi biyu da suka zagaye bakinta suka kama rim. Saboda haka in taya ta sace, kafin ka taɓa komai ka tambayi kanka: wane ne ya ji rauni a cikinsu, kuma me ya ji masa?

Fara da bawul. Ka shafa masa ɗan yawu a baki. In ya yi kumfa, ka huta da kwance taya. Yawancin tsofaffin kekunan ƙauye bawul ɗinsu yana da 'yar siririyar roba a ciki, wadda zafi yake busarwa ta tsage. Sauya ta bai kai minti biyu ba, amma sau da yawa mutum zai kwance ƙafar keke gaba ɗaya yana neman hujin da babu shi.

In ba bawul ba ne, sai ka sa liba ka ɗago bakin tayar ta gefe ɗaya, ka fara daga nesa da bawul. Kada ka sa sukundireba ko wuƙa, don ƙarshenta huji ɗaya ne zai zama uku. Zaro tub, ba shi iska kaɗan, ka bi shi da ruwan kwano har ka ga inda kumfa take tasowa. In babu ruwa, kara shi kusa da leɓenka, za ka ji iskar. To, a nan ne mai gaggawa yake rabuwa da mai hankali. Mai gaggawa da ya ga huji sai ya miƙa hannu wajen sholisho. Kai ka tsaya ka dubi hujin tukuna, don yana ba da labarin abin da ya yi shi. Ɗan ƙaramin huji ta bayan tub, ɓangaren da ke fuskantar ƙasa, aikin ƙaya ne ko ƙusa, kuma galibi mai laifin yana nan maƙale a jikin tayar yana jiran ka mayar da tub ya sake sokarsa. Ka ɗora tub ɗin a kan tayar yadda yake zaune da, bawul a saitin raminsa, za ka gane wurin. Ka bi cikin tayar da tsumma ko da yatsa a hankali har ka ciro shi. In hujin ta ciki yake, ɓangaren da ke kwance a kan rim, to ba daga hanya ya zo ba: ko tsatsa ce, ko kan ɗaya daga wayoyin nan da suka tashi daga tsakiyar ƙafar keke suka shiga rim ya leƙo. Maganinsa a kankare tsatsar, a goge kan wayar da magagari, a yanko dogon zirin tsohon tub a zagaye rim ɗin da shi. In ka ga 'yan tsaga biyu gab da juna, laifinka ne, ba na hanya ba: iska ta yi ƙaranci, ka hau dutse ko bakin kwalta da kaya, rim ya datse tub. In kuwa yagewar a gindin bawul take, kada ka wahalar da kanka, wannan tub ya gama aiki.

Yanzu sai facin kansa. Busar da wurin sarai. Goge shi da samfefa ko magagari, faɗin gogewar ya ɗara faɗin facin, har ƙyallin robar ya dushe, domin akwai wani santsi da tub yake fitowa da shi daga masana'anta wanda ba ya barin komai ya kama. Shafa sholisho siriri, ba dambara ba. In da yankin tsohon tub za ka yi facin, ka yanke shi da'ira ba mai kusurwa ba, don ta kusurwa faci yake fara ɗagowa, shi ma ka goge shi ka shafa masa. Sannan ka ajiye hannunka ka jira.

Wannan jiran shi ne rabin aikin, kuma shi ne samari suka fi kasawa. Sholisho roba ce da aka narkar a cikin wani ruwa mai saurin tashi. Ruwan nan aikinsa kawai ya kai robar cikin kofofin da ka goge, sannan ya bi iska. In ka manna faci yana da danshi, ka kulle ruwan a tsakani, ba inda zai fita, facin zai zauna a kan laima. Ka hau ka yi 'yar tafiya, taya ta ɗauki zafi, sai ya zame. Ka ba sholishon kamar minti biyar, har ya daina sheƙi. Kada ka dangwala yatsa a tsakiyarsa don gwaji, maiƙon hannu yana ɓata shi. Wasu kan ƙyasta masa ashana wai ya yi saurin bushewa. Ban ga abin da suke samu ba ban da ƙona robar, wani lokacin har da gira. Sauri ya haifi nawa. Da ya bushe sai ka ɗora facin sau ɗaya, ka danne daga tsakiya zuwa baki da gindin liba ko sifana, da ƙarfi. Barbaɗa masa hoda ko lallausar ƙura don kada ragowar sholishon ya kama cikin taya. Ba tub iska kaɗan ya ɗan yi jiki, fara saka bawul, sannan ka mayar da bakin tayar da tafin hannu. Kafin ka cika iska ka zagaya ka tabbata babu inda tub ya maƙale tsakanin bakin taya da rim, don irin wannan ne yake tashi da ƙara kamar an harba bindiga.

In ka ji wannan aiki ya yi maka tsawo, ka gode Allah da zamanin da ka zo. A 1888 ne wani likitan dabbobi a birnin Belfast, John Boyd Dunlop, ya ɗaura wa keken ɗansa mai ƙafa uku robar da aka hura wa iska. Tayoyin farko manne su ake yi a jikin rim, don haka faci ɗaya kan ci sa'o'i, a kuma bar shi ya kwana yana bushewa. Sai a 1891 wasu 'yan'uwa biyu na gidan Michelin a Faransa suka fito da tayar da ake iya cirewa a mayar, kuma a shekarar Charles Terront ya ci tseren zuwa Brest daga Paris da dawowa, kusan kilomita 1,200, a kan irin tayarsu, cikin ƙasa da kwana uku. Abin da ya gagari manyan masana'antu a wancan lokaci, yau yaro mai liba biyu yana yin sa a gindin mangwaro.

Duk wannan zancen tub ne. Babbar magana ita ce in tayar kanta ce ta tsage.

Juya ta ka duba ta ciki. In yankan bai wuce robar waje ba, zaren ciki yana nan lafiya, ka cire tsakuwar da ta shige ka rabu da shi. In kuwa zare ya katse har kana hango haske ta wajen, to ko ka sa sabon tub fil, zai leƙo ta wannan kafa, ya yi ƙululu, dutse na farko ya fasa shi. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a manna facin tub a cikin taya. Facin tub miƙewa yake yi, wurin kuwa abin da ba ya miƙewa yake bukata, wato abin da zai maye gurbin zaren da ya katse. Mafi kyau shi ne yankin wata tsohuwar tayar keke. Yanko daga gefenta inda ba kauri, ka cire wayar bakin, ka fiƙe gefunan da reza su yi siriri, domin kaifin gefe yakan ci tub a hankali har ya huda shi. Girmansa ya wuce tsagar da faɗin yatsa biyu ta kowane ɓangare. Goge shi, goge cikin tayar, shafa sholisho a duka biyun, ka sake yin jiran nan, sannan ka manna. In ka lulluɓe shi da yankin tsohon tub, ka ƙara wa tub ɗinka kwana.

In tsagar a gefen taya take, inda ba ya taka ƙasa, ana iya ɗinke ta kafin a manna yankin tsohuwar tayar. Basilla da zaren roba irin na masu gyaran takalmi sun isa. Kada ka soka basillar dab da bakin tsagar inda zaren ya riga ya warware. Ja baya zuwa inda yake da ƙwari, kada ka ɗaure har wurin ya tattare, ƙullin kuma ya zauna ta waje. Ɗinki shi kaɗai ba ya wadatarwa, dole a rufe shi ta ciki, in ba haka ba zaren ɗinkin ne zai yanka tub. Wajen ba da iska kuma ka riƙa yi kana kallo. Ka ga bakin tsagar yana buɗewa ko wurin yana tasowa, ka dakata, ka rage.

A hanya fa, inda ba tsohuwar taya ba basilla? Yanki buhun taki ko na shinkafa, ninka shi uku ko huɗu, ko guntun tamfol, ka cusa tsakanin tub da tsagar. Iskar da kanta za ta danne shi. Ledar fiya wata ba ta yi, miƙewa take. Masu tseren keke a Turai da Amurka sukan naɗe takardar kuɗi su toshe irin wannan kafa, kuma ƙananan kuɗinmu na leda, naira 5 zuwa 50, da sun yi aikin. Amma ban ba ka wannan shawara ba: sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ga mai wulaƙanta naira, buhu kuwa ba wanda zai tuhume ka a kansa. Ko da me ka toshe, wannan dabarar isa gida ce. Ka rage iska, ka sauke nauyi in da hali, ka tafi a hankali.

Akwai wata al'ada da nake gani a ƙauyukanmu, a nannaɗe tayar da ta kumbura da zirin roba ta waje, har da rim ɗin. Tana kai mutum gida, ban musa ba. Sai dai birkin keke a jikin rim yake kamawa, ɗaurin nan kuwa a kan hanyarsa yake, ko ya hana shi kamawa ko ya fizge shi. Wanda ya mayar da wannan ɗauri gyaran dindindin, ya hau keke ba birki ke nan bai sani ba.

Ka kuma san inda gyara yake ƙarewa. In wayar bakin taya ta karye ko ta fito daga cikin roba, babu ɗinki ko manni da zai mayar da ita. Haka in tsagar ta yi tsawo sosai, ko zare ya bayyana a zagaye, ko rana ta tsattsaga gefen har ya yi ta faso. Irin wannan taya cin tub take yi. Ka lissafa kuɗin tub da na facin da za ta laƙume maka kafin kaka, ka gwada da kuɗin sabuwa. Kuma duk tayar da aka yi wa ɗinki ko toshi, kada ta zauna a gaba. Ta baya in ta fashe, keken zai yi ta wutsil-wutsil amma galibi za ka iya tsayawa. Ta gaba in ta fashe kana cikin gangara irin ta Riruwai, kan keken ne zai ƙwace daga hannunka, sai dai a zo a ɗauke ka.

Ran da za ka sayi sabuwa, ka karanta lambar da ke gefen tsohuwar, ko ka tafi da ita kasuwa. Manyan kekunan da, irin su Raleigh da Phoenix, lambarsu 28 x 1½, rim ɗinsu milimita 635. Da yawa daga kekunan gwanjo na Turai su ma an rubuta musu 28, amma nasu 622 ne, ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya. Mutum yakan dawo daga kasuwa ya yi ta kokawa da taya har ya karya wayarta, yana zagin mai shago, alhali lamba ce bai duba ba. A nan gefen ne kuma aka rubuta iyakar iskar da tayar take ɗauka. Ka riƙa matsa ta da babban yatsa kowace safiya, ka ajiye keke a inuwa, ka nisanta shi da baƙin mai da fetur, don suna cin roba.

Ban ce ka daina zuwa wurin mai faci ba. Akwai aikin da sai shi, kamar facin wuta, inda yake danne ɗanyar roba da ƙarfe mai zafi har ta zama jiki ɗaya da tub. In ka je, ka ce, "Baba, sannu da aiki," ka tsuguna ka kalli hannunsa maimakon ka koma gefe kana latsa waya. Tambaye shi me ya sa ya yi kaza. Yawancinsu suna jin daɗin a tambaye su. In zai ba keke iska da injin da yake cika tayar mota, ka ce ya yi kaɗan-kaɗan, don cikin tayar keke ƙanƙane ne, nan da nan take cika. Ka biya shi ba tare da ƙunƙuni ba. Wanda kuma ba shi da abin yi a cikinku, wannan sana'a jarinta bai kai na kowace ba: famfo, liba, almakashi, magagari, kwanon ruwa da inuwar bishiya a bakin hanya ranar kasuwa. Kekuna sun ƙaru, masu gyaransu ba su ƙaru ba.

Saura magana ɗaya da ba zan tsallake ba, don kun san ta kamar yadda na san ta. Sholishon nan da ake faci da shi, shi ne wasu yara suke zubawa a tsumma ko leda suna shaƙa a lungu da tasha. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, kimanin 300,000 daga cikinsu masu shaƙe-shaƙen irin waɗannan abubuwa ne. Ruwan da ya iya narkar da roba ba ya tausaya wa ƙwaƙwalwa da jijiya. Yana lalata su a hankali, wani lokacin kuma ya tsayar da zuciya nan take, ko da ranar ce mutum ya fara. Saboda haka ka yi facinka a fili inda iska take kaɗawa, nesa da wuta, ka rufe gwangwani da zarar ka ɗiba, ka ajiye shi inda hannun ƙannenka ba ya kaiwa. In kuma Allah ya sa ka kafa rumfa, wata rana yaro zai zo da canji a hannu ya ce, "Yaya, a sam min sholisho," ba keke ba tub. Kada ka ba shi, kada kuma ka kore shi da zagi. Zaunar da shi a kan benci, ka tambaye shi ɗan gidan wa ne, da yamma in ka tashi ka bi ta ƙofar gidan ka yi sallama da mahaifinsa.